Maurice Quentin de La Tour

Maurice Quentin de La Tour (an haife shi ranar 5 ga Satumba 1704, ya rasu ranar 17 ga Fabrairu 1788) mai zane ne ɗan ƙasar Faransa wanda ya shahara wajen zana mutane da allin launi, wato abin da a Turai ake kira fastel. Ya zana Sarki Louis na 15 da iyalinsa, da Madame de Pompadour, da marubuta irin su Voltaire da Jean-Jacques Rousseau. A zamaninsa ana ɗaukar allin launi kayan aiki ne na ƙananan zane-zane, ƙasa da fentin mai a daraja, shi kuma ya kai shi matsayin da ya yi gogayya da fentin mai a bainar jama'a. A ƙarshen rayuwarsa ya zuba dukiyarsa wajen kafa gasa ga ɗaliban zane a Paris da buɗe makarantar zane ta kyauta a garinsu.

Rayuwar farko

An haife shi a Saint-Quentin, wani gari na masaƙa a yankin Picardie, arewacin Faransa. Mahaifinsa, François de La Tour, mawaƙi ne a babbar cocin garin. A 1719, yana da shekara 15, aka ba da shi koyon sana'a a hannun wani mai zane a Paris mai suna Claude Dupouch, bisa yarjejeniyar shekara shida.

Zuwansa Paris ya zo daidai da wani abu da ya sauya kasuwar zane a birnin. Daga 1720 zuwa 1721 Rosalba Carriera, wata mai zane daga Venice ta Italiya, ta zauna a Paris tana zana manyan mutane da allin launi, har da Louis na 15 lokacin yana yaro. Masu hannu da shuni suka yi ta rububin aikinta, kuma bayan ta koma gida sha'awar ba ta gushe ba. A wannan kasuwa La Tour ya taso.

Allin launi da yadda ake aiki da shi

Kalmar fastel ta fito ne daga kalmar Italiyanci pastello, wadda tushenta ke nufin kwaɓi ko ƙullu, kuma sunan ya dace da yadda ake haɗa shi. Ana niƙa garin launi, a gauraya shi da farar ƙasa gwargwadon hasken da ake so, a kwaɓa da ruwan ƙaro ɗan kaɗan, a mulmula shi sanda-sanda kamar allin makaranta, a bar shi ya bushe. Ba a haɗa launuka a faranti kamar yadda ake yi da fenti, don haka mai zane yana buƙatar sanduna masu ɗimbin yawa, kowace da nata launin. Yana goga su a kan takarda mai kaushi, galibi shuɗiya, wadda aka manna a kan yadi, sannan ya murje da yatsa ko da naɗaɗɗiyar takarda.

Amfaninsa a fili yake. Ba a jiran ya bushe, ba ya wari, wanda ake zanawa ba ya daɗewa a zaune, launinsa kuma ba ya dushewa ya koma rawaya yadda man da ake shafa wa zanen fenti ke yi idan ya tsufa. Ya fi komai iya nuna taushin fata, da sheƙin siliki, da hodar da mutanen lokacin ke barbaɗawa a gashi. Illarsa ita ma a fili take: gari ne kawai zaune a kan takarda, kamar ƙurar hunturu a kan tebur. Girgiza tana kakkaɓe shi, danshi yana sa ya yi fumfuna, taɓawa ɗaya tana ɓata shi. Dole a rufe shi da gilashi, kuma babban gilashi abu ne mai tsada, ko da yake masana'antar Saint-Gobain ta riga ta fara zuba manyan faifai tun ƙarshen ƙarni na 17.

Shahara a baje kolin Salon

A 1735 La Tour ya zana Voltaire, aka buga hoton aka yaɗa, sunansa ya fara fita. A 1737 Akademin Sarki ta Masu Zane da Sassaƙa ta karɓe shi a matakin farko, wanda ya ba shi damar shiga baje kolinta. Ana kiran baje kolin Salon, kuma sunan ba shi da alaƙa da kalmar Hausa ta salo: sunan ɗakin da ake yinsa ne a fadar Louvre. Galibi ana buɗe shi ranar 25 ga Agusta, shiga kyauta ne, kuma a nan mai zane ke samun suna ko ya rasa shi, domin jama'a na cika ɗakin, masu sharhi kuma suna buga ra'ayinsu a ƙasidu da jaridu. A wannan shekarar ya nuna zane biyu, na matar mai zane François Boucher da na shi kansa yana dariya. Ya ci gaba da shiga har 1773.

Aikin da ya fi tayar da ƙura shi ne na 1741, zanen Gabriel Bernard de Rieux, wani babban alƙali ɗan hamshaƙin attajiri. Tsawonsa ya kai kimanin mita 2, faɗinsa mita ɗaya da rabi, girman da a lokacin da fentin mai kaɗai aka saba ganinsa. Tun da ba a yin takarda mai wannan girma, sai da ya haɗa falle da yawa ya ɓoye mahaɗarsu. Alƙalin yana zaune cikin jar rigar aikinsa, kewaye da littattafai da kafet da kayan ofis, kowane abu da irin sheƙinsa. Da wannan zane ya nuna cewa duk abin da fentin mai zai iya, alli ma zai iya. Yanzu yana gidan tarihi na Getty a Los Angeles ta Amurka.

A 1745 aka ba shi masauki a Louvre, a 1746 ya zama cikakken ɗan Akademi, a 1750 ya sami muƙamin mai zanen sarki, shekara guda bayan haka kuma ya zama mai ba Akademi shawara. A baje kolin 1748 ya nuna zanen sarki da na sarauniya Marie Leszczynska. A na 1753 akwai Rousseau da masanin lissafi d'Alembert.

Zanen Madame de Pompadour, daɗiron sarki kuma mace mafi faɗa a ji a fada, ya ɗauke shi shekaru kafin ya fito da shi a 1755. Ya zana ta zaune riƙe da takardar kiɗa, a gefenta tebur ɗauke da littattafai da ake iya karanta sunayensu, ciki har da littafin Montesquieu a kan dokoki da mujalladi na huɗu na Encyclopédie, babban kundin ilimi da Diderot da d'Alembert ke shiryawa, wanda hukuma ta taɓa haramtawa a 1752. Ajiye irin waɗannan littattafai a kan teburin makusanciyar sarki magana ce ta siyasa, ko da ba a furta ta ba. An san La Tour da tsada da kuma taurin kai ga manya. Ana ba da labarin cewa ya nemi livre 48,000 a kan wannan aiki, aka biya shi rabi. Zanen yana Louvre.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Jean-Baptiste Perronneau. A 1750 Perronneau ya nuna zanen da ya yi wa La Tour. Bisa labarin da Diderot ya yaɗa daga baya, La Tour ya sa an rataye zanen da ya yi wa kansa a kusa da shi don jama'a su kwatanta, ƙaramin ya sha kunya. Perronneau dai ya kwashe yawancin rayuwarsa yana yawon neman aiki a garuruwan lardi da ƙasashen waje, yayin da fada da manyan Paris suka zama na La Tour.

Yadda yake aiki

Kafin ya fara babban zane, La Tour yakan zana fuskar mutum kaɗai a ƙaramar takarda yayin da mutumin ke zaune a gabansa, yana jansa da hira don kada fuskar ta sandare. A waɗannan gwaje-gwaje babu tufafi, babu ɗaki, wani lokaci ko gashi babu, sai idanu da baki da ɗan murmushin da ke shirin fitowa. A manyan ayyuka, kamar na Pompadour, yakan zana kan a takarda dabam sannan ya manna ta a inda ya dace. Gwaje-gwajen kayan aikinsa ne da yake ajiyewa a ɗakinsa, ba don nunawa ba. Masu kallo da yawa a yau sun fi son su a kan zanen da aka gama, kuma suna da hujja, domin a cikinsu mutumin ya fi kama da mai rai. Mafi shahara shi ne na Marie Fel, mawaƙiyar opera wadda ta kasance abokiyar zamansa tsawon shekaru. Bai taɓa yin aure ba.

Rauninsa shi ne rashin sanin inda zai tsaya. Ba ya gamsuwa da aikinsa, yakan koma kan zanen da aka gama ya yi ta gyara har ya kashe shi. Ya kuma shafe shekaru yana gwada magungunan da za su kama garin allin ya zauna a takarda, matsalar da ta dami masu wannan sana'a duka. Wani mai ƙirƙira, Antoine-Joseph Loriot, ya gabatar wa Akademi tasa dabarar a 1753, amma ya riƙe sirrinta shekaru masu yawa. Zanen Jean Restout, wanda da shi aka karɓi La Tour a Akademi, yana cikin waɗanda ya karɓo don ya gyara, kuma a lalace ya iso zamaninmu.

Gasa da makaranta

La Tour ya tara dukiya mai yawa, ba shi kuma da iyalin da zai bar wa. A 1776 ya ba Akademi kuɗi don a kafa kyaututtuka uku da ɗalibai za su riƙa gasa a kai: ɗaya a kan sanin ƙirar jikin ɗan Adam, ɗaya a kan dabarar nuna nisa da kusa a zane, ɗaya kuma a kan zana mutum daga kai zuwa ƙugu ana kallonsa ido da ido. Ta ukun ce ta fi daɗewa. An fara ba da ita a 1784, ta tsallake juyin juya halin 1789 da rushe Akademin a 1793, ta ci gaba a makarantar zane ta Paris har cikin ƙarni na 20. Jean-Auguste-Dominique Ingres ya ci ta a 1800 yana ɗalibi. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin ukun da aka keɓe wa allin launi. Duka suna gwada tushen sana'ar ne, wato iya kallo da iya aunawa, abubuwan da shi kansa bai koya a ajin Akademi ba.

A Saint-Quentin ya kafa asusu biyu, ɗaya don taimakon mata matalauta masu jego, ɗaya don tsofaffin masu sana'ar hannu da ƙarfinsu ya ƙare. A 1782 ya buɗe makarantar zane ta kyauta da amincewar sarki. A garin masaƙa irin wannan, yaron da ya iya zane yana iya fitar da adon yadi ya sami abin yi, kuma makarantar ta daɗe tana horar da masu zanen adon tufafi. Bayan fiye da shekara 100, wani matashin akawun lauya a garin ya riƙa zuwa ajin safe a makarantar kafin ya tafi ofis. Shi ne Henri Matisse. Makarantar tana nan har yanzu da sunan La Tour.

Rasuwa da makomar ayyukansa

A shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya fara taɓuwa. A 1784 'yan uwansa suka mayar da shi Saint-Quentin, inda garin ya yi masa gagarumar tarba, daga baya kuma kotu ta ɗauke masa ikon sarrafa dukiyarsa. Ya rasu a can yana da shekara 83, shekara guda kafin juyin juya hali. Bayan juyin, aka riƙa kallon zanen allin launi a matsayin kayan tsohuwar sarauta, kasuwarsa ta faɗi. Sai a rabin ƙarni na 19 na biyu marubuta irin su 'yan uwan Goncourt suka farfaɗo da sunansa, a daidai lokacin da Edgar Degas ya koma wa alli da sabon salo. A 1885 aka kafa ƙungiyar masu zanen fastel ta Faransa.

Ƙaninsa Jean-François, wanda ya rasu a 1807, ya bar wa makarantar abin da ya rage a ɗakin aikin La Tour, har da gwaje-gwajen fuska masu yawa. Su ne ginshiƙin gidan tarihi na Antoine Lécuyer a Saint-Quentin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Jamus sun mamaye garin tun 1914, a 1917 kuma, da fagen daga ya matso, suka kwashe zane-zanen zuwa Maubeuge suka baje su a can. Garin ya ragargaje, ginin gidan tarihin ya rushe, amma waɗannan takardu da ko girgizar amalanke ke iya ɓatawa sun tsira. An sake gina gidan, aka mayar da su a farkon shekarun 1930.

Daga 1976 zuwa 1992 bankin Faransa ya buga takardar kuɗi ta faran 50 ɗauke da fuskarsa. A 2004 an yi babban baje kolin ayyukansa a fadar Versailles don cikarsa shekara 300 da haihuwa.