Einar Gerhardsen: Leburan Hanya da Ya Sake Gina Norwe

Idan aka ambaci ƙasar Norwe, can arewacin Turai, sai a ce ai man fetur ne ya ɗaga ta. To, ba haka abin ya fara ba. Mutumin da suke kira uban ƙasa ya sauka daga mulki kafin a ga ko ɗigon mai.

An haifi marigayi Einar Gerhardsen ran 10 ga Mayu, 1897. Bai yi karatu mai zurfi ba. Tun yana saurayi ya shiga aikin gyaran hanya a birnin Oslo, lebura sosai, irin waɗanda mukan wuce suna fama da diga da shebur tsakanin Kazaure da Daura. Daga ƙungiyar ma'aikata ya shiga siyasa, a Jam'iyyar Leba.

Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, ya ƙi miƙa wuya. Suka kama shi a 1941, ya sha ɗauri a Grini da sansanin Sachsenhausen a Jamus. Ya fito da rai, kuma a Yunin 1945 ya zama Firayim Minista.

Abin da ya tarar ba daɗin ji. Sojojin Jamus sun ƙone lardin Finnmark ƙurmus yayin da suke ja da baya, ga ƙarancin gidaje da tufafi. Sai ya nemi jama'a su ɗaure ciki. Aka ci gaba da rabon sukari da kofi da kati, mota kuwa ba a sayenta sai da izini har 1960, domin kuɗin ƙasa su tafi ga masana'antu, jiragen ruwa da wutar lantarki. A 1946 aka kafa bankin gina gidaje, aka kuma fara ba iyaye kuɗin renon yara. A 1947 aka buɗe asusun rance na ɗalibai, don ɗan masunci ma ya shiga jami'a. Ya karɓi taimakon Amurka na shirin Marshall, ya shigar da ƙasar cikin NATO a 1949. Shi kansa fa, yana Firayim Minista amma a gidan bene na ma'aikata yake zaune, a unguwar Tøyen. A ganina wannan ne ya sa talaka ya yarda ya jure.

Amma ba a rasa tabo ba. A zamaninsa an yi ta leƙen asirin 'yan gurguzu, wani lokaci ba bisa doka ba, kamar yadda wani kwamitin bincike ya tona a 1996. Haka kuma mutuwar mahaƙa kwal 21 a Kings Bay a 1962 ta kayar da gwamnatinsa a 1963, ko da yake ya dawo bayan mako huɗu.

Ya sauka a 1965, bayan shekara 17 a kan kujera. Sai a 1969 aka gano man Ekofisk a cikin teku. Ya rasu ran 19 ga Satumba, 1987, yana da shekara 90.