Herbert Chapman

Herbert Chapman (19 ga Janairu 1878 – 6 ga Janairu 1934) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne kuma mai horarwa ɗan ƙasar Ingila. Ya ci gasar rukunin farko ta Ingila sau biyu da Huddersfield Town, sau biyu kuma da Arsenal, ya kuma ɗauki kofin FA da kowacce daga cikinsu. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka mayar da aikin koci daga bin umarnin shugabannin ƙungiya zuwa riƙe ragamar zaɓen 'yan wasa da tsara dabarun wasa.

Farkon rayuwa

An haife shi a Kiveton Park da ke yankin Yorkshire. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne, shi kuma ya karanci aikin injiniyan ma'adinai a Sheffield. Bai yi fice a matsayin ɗan wasa ba, duk da cewa ya buga wa ƙungiyoyi da dama, ciki har da Grimsby Town da Tottenham Hotspur. A 1907 ya karɓi horar da Northampton Town, ya ci mata gasar Southern League a kakar 1908–09. Ya koma Leeds City a 1912. Da aka kori ƙungiyar daga gasa a 1919 bisa zargin biyan 'yan wasa kuɗi ta bayan fage, an haɗa da shi a hukuncin, amma daga baya aka ɗage masa, saboda a lokacin yaƙi yana aiki ne a wata masana'antar makamai.

Ya zama kocin Huddersfield a 1921, ya ci kofin FA a 1922, sannan ya ci gasar ƙasa a 1924 da 1925.

Zuwansa Arsenal

Arsenal ta ƙare kakar 1924–25 a matsayi na 20 cikin ƙungiyoyi 22, da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu, kuma ba ta taɓa cin wani babban kofi ba. Shugabanta Sir Henry Norris ya sallami Leslie Knighton, ya sa tallar neman sabon koci a jarida a watan Mayun 1925. Chapman ya bar zakarun Ingila ya tafi Landan a kan albashin fam 2,000 a shekara, ya kuma ce sai an ba shi shekara biyar kafin ya gina ƙungiyar da za ta ci kofi.

Norris mutum ne da aka sani da ƙin kashe kuɗi wajen sayen 'yan wasa. Duk da haka, kafin a fara kaka Chapman ya shawo kansa aka sayo Charlie Buchan, ɗan wasan gaba na Sunderland wanda ya haura shekara 30. An biya fam 2,000, da sharaɗin ƙarin fam 100 a kan kowace ƙwallon da ya ci a kakarsa ta farko. Buchan ya ci 21, ƙarin ya fi asalin kuɗin yawa. Shi aka ba kyaftin.

A wannan hutun ne kuma aka sauya dokar satar gida: maimakon 'yan wasa uku na abokan hamayya tsakanin mai kai hari da layin raga, aka mayar da su biyu. Ƙwallaye suka yawaita, shirin da Arsenal ta yi bai tare su ba. Ta sha kashi 1–0 a gida a hannun Tottenham a wasan farko, a ranar 3 ga Oktoba kuma Newcastle United ta lallasa ta da ci 7–0. Bayan wannan wasa Chapman ya karɓi shawarar Buchan, aka janye ɗan wasan tsakiya Jack Butler ya koma cikin masu tsaron baya, aka sa ɗaya daga cikin na gaba ya ja baya ya cike gurbinsa. Kwana biyu bayan haka Arsenal ta ci West Ham 4–0. Daga nan tsarin da ake kira WM ya samo asali a ƙungiyar. Ta ƙare kakar a matsayi na biyu, bayan Huddersfield.

Nasarori

Arsenal ta yi rashin nasara 1–0 a hannun Cardiff City a wasan ƙarshe na kofin FA na 1927. Chapman ya ci gaba da tara 'yan wasa, irin su David Jack da Alex James da Cliff Bastin da Eddie Hapgood, yana ɗora wasan a kan tsaro mai ƙarfi da kai harin ba-zata ta gefe. A 1930, daidai cikar shekara biyar ɗin, Arsenal ta doke Huddersfield 2–0 a Wembley ta ɗauki kofin FA. Ta ci gasar ƙasa a 1930–31 da ƙwallaye 127, ta sake ci a 1932–33.

Ya goyi bayan sa lamba a bayan riguna da buga wasa da dare a ƙarƙashin fitilu. A zamaninsa ne aka sauya sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road zuwa Arsenal a 1932, aka kuma sa wa jar rigar ƙungiyar fararen hannuwa a 1933.

Rasuwa

Mura ta kama shi a farkon Janairun 1934, amma ya fita kallon wasan ƙaramar tawagar Arsenal. Ciwon ya rikiɗe zuwa nimoniya, ya mutu a gidansa da ke Hendon yana da shekara 55, aka binne shi a can. Arsenal ta ci gasar wannan kakar da ta 1934–35. A 2011 ƙungiyar ta kafa mutum-mutuminsa a wajen filin wasa na Emirates.