Ramsis Na Biyu, Fir'aunan Masar

A hutun da ya wuce da na koma gida Fagada, na tarar da wani ɗan kawuna da ke karatu a jami'ar Aliero ya zo da kwamfutarsa. Kullum bayan la'asar sai yara su yanyame shi a zaure suna kallon wani wasa da ake kira Civilization V, inda mutum ke zaɓen wani sarki na zamanin da, ya kafa garuruwa, ya tara mayaƙa, ya ci ƙasashe. Shi kuwa kullum sarkin Masar yake zaɓa, wai shi Ramsis na Biyu, domin masu wasan sun ba shi baiwar gama manyan gine-gine da sauri fiye da sauran sarakuna. Da na tambayi yaran ko wane ne wannan sarki, sai ɗaya ya ce wani jarumi ne da aka ƙaga cikin kwamfuta, wani kuma ya rantse cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa. Wannan gardama ce ta sa na bi diddigin tarihinsa, ga kuwa abin da na samo.

Kalmar Fir'auna dai sarauta ce, kamar yadda mu ke cewa Sarkin Kabi ko Sarkin Gwandu, an kuwa yi Fir'aunoni masu ɗimbin yawa a Masar. An haifi Ramsis na Biyu wajen shekara ta 1303 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Sunan ubansa Seti na Ɗaya, uwarsa kuwa Tuya. Gidansu ba tsohon gidan sarauta ba ne. Kakansa, Ramsis na Ɗaya, hafsan soja ne kuma wazirin Fir'auna Horemheb, da sarkin ya rasu ba magaji sai sarauta ta faɗo a kansa. Saboda haka renon barikin soja aka yi wa yaron, yana bin ubansa wurin yaƙi tun yana ƙarami. Ya hau gado a shekara ta 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da shekara 25 ko kusa da haka. Mai karatu ya tuna, shekarun wancan zamani baya-baya ake ƙidaya su.

A shekara ta biyar ta sarautarsa ya yi yaƙin da ya fi kowane shahara, watau yaƙin Kadesh, wani birni mai ganuwa a bakin kogin Orontes cikin ƙasar Sham. Abokan gabansa su ne Hittiyawa, waɗanda cibiyar mulkinsu ke ƙasar da yau ake kira Turkiyya, sarkinsu kuwa Muwatalli. Ramsis ya fita da mutum wajen 20,000, ya kasa su runduna huɗu, kowace da sunan wani gunki: Amun, da Ra, da Ptah, da Set. Yana kusa da isa sai aka kawo masa waɗansu makiyaya biyu, suka ce ai Hittiyawa sun ji tsoronsa, suna can nesa wajen Halab. Ashe 'yan leƙen asiri ne. Saurayin sarki ya ji abin da kunnensa ke so, ya yi gaba da runduna ɗaya tak, ya bar sauran a baya, ya yi sansani. Sai da aka kama waɗansu 'yan leƙen asirin dabam aka lakaɗa musu duka, sa'an nan gaskiya ta fito, cewa abokan gaba suna nan a laɓe bayan ganuwar birnin.

Kafin a ankara karusan Hittiyawa, watau kekunan yaƙi da dawaki ke ja, sun ƙetaro kogi sun tarwatsa rundunar Ra da ke tafe, suka auka sansanin sarki. Abu biyu ne suka cece shi. Mayaƙan Hittiyawa sun shagala da kwasar ganima, kuma wata rundunar Masar da ta biyo ta bakin teku ta iso daidai lokacin. Ramsis ya yi ta maza, wannan ba mai ƙwace masa, ya kora su har cikin kogi. Amma birnin Kadesh bai ciwu ba, ya juyo gida ya bar shi a hannun masu shi.

To, a nan ne za mu ga halin mutumin. Da ya dawo sai ya sa aka sassaƙa labarin yaƙin a bangayen ɗakunan bauta a Karnak, da Luksor, da Abidos, da Abu Simbel. A cikin labarin an ce mayaƙansa duka sun gudu sun bar shi, shi kaɗai ya fuskanci karusa 2,500 ya watsa su. Da rubutun Masar kaɗai ya rage a duniya, da har yau mun yarda. Amma an tono allunan yumɓu na Hittiyawa a kufan birninsu Hattusa, su kuma sun nuna cewa bayan yaƙin har ƙara cin ƙasa suka yi wajen kudu. Ashe dai tun kafin masu wasan kwamfuta su taɓa shi, shi da kansa ya riga ya ƙara wa labarinsa gishiri.

Abin da na ga ya fi cancanta a yaba masa shi ne wanda ya biyo baya. A shekara ta 21 ta sarautarsa ya ƙulla amana da sabon sarkin Hittiyawa, Hattusili na Uku. Suka yarda ba mai kai wa wani hari, in an taɓa ɗaya ɗayan ya kawo gudummawa, wanda ya gudo daga wata ƙasa a mai da shi, amma kada a cutar da shi. Tana cikin yarjejeniyoyin sulhu mafi tsufa da suka rage a rubuce, har akwai kwafinta a rataye a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Bayan shekara 13 Ramsis ya auri 'yar Hattusili. Zumunci ya yi ƙarfi har sarkin Hittiyawa ya aiko yana neman likitan da zai taimaki 'yar'uwarsa ta haihu. Ramsis ya mai da amsa cewa matar ta kai shekara 50, kai, ko ma 60, ba maganin da zai yi mata, amma duk da haka zai aiko da likita. Da ganin wannan amsa ka san ba shi da kara.

Sauran rayuwarsa gini ya yi ta yi. Ya kafa sabon babban birni, Pi-Ramsis, a arewacin ƙasar inda Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Ya gina katafaren ɗakin bauta a yammacin Luksor, ya kuma sa aka fafe dutse a Abu Simbel aka yi gumakansa huɗu a zaune, kowane tsayinsa ya haura ƙafa 60. Kusa da shi ya fafe wani don matarsa Nefertari, wadda ya fi so. Can cikin ƙuryar babban ɗakin ya sa aka zaunar da siffarsa a jere da gumakan da su ke bauta wa, watau ya mai da kansa abin bauta, wa'iyazu billahi. Yakan kuma sa a kankare sunayen sarakunan da suka riga shi daga jikin gumakansu a rubuta nasa. Amma dalar Giza da ɗan kawuna ke ginawa da sunansa cikin wasa, ta girme shi da shekara wajen 1,300. Mu nan in aka ce tsohon gini sai mu tuna ganuwar Surame ta Kanta, wadda ba ta wuce shekara 500 da 'yan kai ba. Gine-ginen Ramsis sun haura 3,200. Da za a yi madatsar ruwa ta Aswan, ƙasashen duniya suka haɗa kuɗi, daga 1964 zuwa 1968 aka yanyanka ɗakunan Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka hau da su tudu don kada ruwa ya cinye su.

Ya yi shekara 66 a kan gado, ya haifi 'ya'ya wajen 100, ya binne da yawa daga cikinsu. Ɗansa na 13, Merneptah, shi ya gaje shi, shi ma ya riga ya tsufa. Ramsis ya mutu a shekara ta 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da shekara wajen 90. Sarakuna tara bayansa suka ɗauki sunansa.

Masu shirya wasanni ba su son tsoho. A wani wasan Japan na wayar hannu mai suna Fate/Grand Order sun mai da shi kyakkyawan saurayi mai tsafi, sun kira shi Ozymandias, sunan da Girkawa suka san shi da shi. A wani ƙarin babi na Assassin's Creed Origins da ya fito a 2018 kuwa, fatalwa ce ƙatuwa da mai wasa zai yaƙa. Gawarsa ta ainihi tana nan, ta kuwa ba da wani labari dabam. Tsoho ne mai dogon hanci, haƙoransa sun lalace, ƙurji ya ci masa muƙamuƙi, ciwon gaɓoɓi ya sanƙarar masa da baya, irin wanda ko masu ɗori na Aliero ba abin da za su iya yi a kai.

Saura batun yaron da ya rantse. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Fir'aunan Annabi Musa (A.S.) da halakarsa a ruwa, ya kuma faɗa cikin Suratu Yunus cewa za a tsirar da jikinsa ya zama aya, amma bai ambaci sunansa ba. Masana sun rabu. Waɗansu sun ce Ramsis ne, likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille ya ce ɗansa Merneptah ne aka nutsar, waɗansu kuma suna kai abin ga sarakunan da suka riga su. Labarin da ke yawo a wayoyi cewa a bakin teku aka tsinci gawar Ramsis ba haka ba ne. An binne shi a Kwarin Sarakuna, da ɓarayi suka matsa wa kaburbura sai malaman tsafi suka kwashe gawarsa da ta waɗansu sarakuna suka ɓoye a wani rami a Deir el-Bahari, hukuma ta fito da su a 1881. Masarawan da kuwa da kanwa su ke busar da gawar sarki, aikin yakan ɗauki kwana 70.

A 1976 aka ga ruɓa ta fara kama gawar, sai aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Faransa, sojoji suka yi mata faretin da ake yi wa shugaban ƙasa, aka yi mata magani aka dawo da ita a 1977. A watan Afrilu na 2021 aka yi jerin gwano cikin Alƙahira, aka kai gawarsa tare da waɗansu 21 na sarakuna maza da mata zuwa sabon gidan tarihi a Fustat. Can ya ke kwance cikin akwatin gilashi, hannuwa a harɗe bisa ƙirji, da sauran jan lalle a gashin kansa.