Tarihin Marigayi Gregor Mendel, Uban Ilmin Gadon Halitta

A Jihar Kano, tun daga shekarar 2024, doka ta wajabta wa masu shirin aure yin gwajin jini, ko ma'aikacin masana'anta ne a Sharada, ko kuwa ɗaliba a Jami'ar Bayero. Cikin abubuwan da ake dubawa har da alamar amosanin jini, watau sikila. Lissafin da likita ke yi a kan sakamakon gwajin nan ya samo asali ne daga wani bawan Allah mai suna Gregor Mendel, wanda ko sunan cutar bai taɓa ji ba.

An haifi Mendel a watan Yuli na 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Ostiriya ta lokacin, yankin da yanzu ke ƙasar Cek. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne. Talauci ya so ya raba yaron da makaranta, sai ƙanwarsa Theresia ta ba shi wani kaso na dukiyar da aka ware mata domin aure. A 1843 ya shiga gidan masu zuhudu na Kirista a birnin Brno, inda ya sami abinci da littattafai da natsuwar karatu.

Sau biyu ya zauna jarrabawar zama cikakken malamin makaranta, a 1850 da 1856, sau biyu kuma bai dace ba. Amma a tsakaninsu ya yi shekara biyu a Jami'ar Biyana, ya koyi lissafi da kimiyya da ilmin tsirrai. Wannan horo ne ya sa masa ɗabi'ar ƙidaya abu kafin ya yanke hukunci a kansa.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan yana shuka waken Turawa, har kimanin tsiro 28,000. Ya zaɓi siffofi bakwai, irin su tsayin kara da launin ƙwaya. Da hannunsa yake ɗaukar garin furen wannan ya shafa wa wancan. Da ya yi barbarar dogon wake da gajere, sai 'ya'yan suka fito dogaye duka, kamar gajarta ta ɓace. Da ya sake shuka irinsu, sai ga dogaye 787, gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya.

Daga nan ya gane cewa siffofin iyaye ba sa gauraya kamar fura da nono, yadda masanan zamanin suka zata. Kowane ɗa yakan karɓi ƙwayar gado guda daga uwa, guda daga uba. Wata takan yi rinjaye, wata kuwa ta ɓuya ba tare da ta lalace ba, sai ta haɗu da irinta sannan ta bayyana.

Ya gabatar da bincikensa a gaban ƙungiyar masana ta Brno a 1865, aka buga shi a 1866, amma ba wanda ya kula. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan, sai aikin mulki da jayayyar haraji da gwamnati suka cinye sauran ƙarfinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884, sakamakon ciwon ƙoda. Sai a 1900 wasu masana uku, De Vries da Correns da Tschermak, suka tono aikinsa, duniya ta farga.

A 1949 masana suka tabbatar cewa amosanin jini yana bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa. Mai AS lafiyarsa lau a zahiri, domin alamar S a ɓoye take. In ya auri mai AS, to kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, lissafin nan sabo ne a kowace haihuwa. Samun ɗa guda mai cutar ba ya kare na bayansa. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita.

Ilmin da ya tsiro daga lambun nan ya kai ga gano siffar DNA a 1953, har a 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila ta hanyar gyaran ƙwayar gado, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni suna da babban aiki a gabansu. Kada ƙarancin kayan aiki ya karya musu gwiwa, domin shi Mendel da ɗan fili da buroshi da littafin ƙidaya ya yi nasa.