Bessie Coleman: 'yar manoman auduga da ta koyi tuƙin jirgin sama a Faransa

Shekara huɗu kafin jiragen saman sojojin Ingila su fara sauka a Kano cikin Nuwamban 1925, wata baƙar fata 'yar Amurka ta riga ta mallaki lasin tuƙin jirgi. An haifi Bessie Coleman ranar 26 ga Janairun 1892 a garin Atlanta na jihar Texas, ita ce ta goma cikin 'ya'ya goma sha uku. Ta tashi tana tsinkar auduga, ta yi zangon karatu ɗaya a jami'a kuɗinta ya ƙare. A 1915 ta koma Chicago tana gyaran farce a shagon aski.

Makarantun tuƙin jirgi na Amurka sun ƙi karɓarta saboda launin fatarta da kasancewarta mace. Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, shi ya ba ta shawarar ta nufi Faransa. Ta koyi Faransanci, ta tara kuɗi, ta tashi a Nuwamban 1920 zuwa makarantar Caudron da ke Le Crotoy.

Jirgin koyon ƙirar Nieuport ne, na katako da ƙyalle, mai fukafukai hawa biyu, ba shi da birki. Idan ya taɓa ƙasa, wani ƙarfe da ke ƙarƙashin wutsiya ne ke jan ƙasa har ya tsaya. Ƙarar inji ba ta barin ɗalibi ya ji muryar malami, don haka da hannu da ƙafa ake koyo, ana bin motsin sandar tuƙi. Sauka kuwa ita ce ta fi wuya: wanda ya ɗaga hancin jirgi da wuri, gudu ya ƙare masa a sama ya faɗo, wanda ya makara, ya doki ƙasa. A gaban idonta wani ɗalibi ya mutu, ba ta fasa ba. Jarrabawar ta haɗa da kashe inji a sauka kusa da alamar da aka yi. Ranar 15 ga Yunin 1921 ta karɓi lasinta.

Da ta koma gida babu mai ɗaukarta aiki, sai ta shiga wasan jirgi a gaban 'yan kallo, tana tara kuɗin buɗe makarantar da za ta koyar da baƙar fata. Ta karye a ƙafa a haɗarin 1923, ta warke ta koma. A Texas ta ƙi yin wasa sai an bar farare da baƙaƙe sun shiga ta ƙofa ɗaya, abin da ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a lokacin.

Ranar 30 ga Afrilun 1926, a Jacksonville, sifana da aka manta ta maƙale a na'urar sarrafa tsohon jirginta. Makanikinta William Wills ke tuƙi, ita kuma ba ta ɗaura bel ba, tana leƙen filin da za ta dira da laima washegari. Jirgin ya kife, ta faɗo, ta rasu tana da shekara 34. Makarantar da ta yi buri, William Powell ne ya buɗe ta da sunanta a Los Angeles a 1929.