Tarihin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman

Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana daga cikin 'yan Nijeriya da suka sadaukar da rayuwarsu wajen bankaɗo yadda masu mulki ke wawure dukiyar jama'a.

An haife shi a garin Musawa a shekarar 1945, a gidan sarautar Katsina. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko.

Bayan ya yi digiri a Jami'ar Lancaster ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, kana ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya sami digirin digirgir a kan tarihin ƙasar Katsina.

Yana cikin kwamitin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1975 domin tsara kundin tsarin mulki. A 1976, shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu, bisa hujjar cewa daftarin ya fi kare masu hannu da shuni. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi watsi da rahoton nasu.

A Jamhuriya ta Biyu ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna ta jam'iyyar PRP, wadda Alhaji Balarabe Musa ya jagoranta.

Daga bisani shi da abokan aƙidarsa suka fito da mujallar The Analyst da kuma Fitila ta Hausa, inda sukan ambaci sunaye da alƙaluma a kan ƙwace gonakin talakawa da almundahanar kwangila. A littafin da ya wallafa a 1987, ya nuna yadda manya ke fakewa da addini su gwara kan talakawa, don kada a tambaye su inda dukiyar ƙasa ta shiga.

Wannan tsayin daka ya jawo masa kora daga jami'a a zamanin Janar Babangida, amma kotu ta mayar da shi bakin aikinsa.

A ƙarshen rayuwarsa ya jagoranci CEDDERT, wata cibiya mai zaman kanta a Zariya da ke bincike da wallafa a kan dimokuraɗiyya da tafiyar da mulki.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 24 ga Satumban 2005, yana da shekara 60. A 2019 cibiyar ta sake buga rahoton nan da aka yi watsi da shi a 1976.