Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Da Kiyaye Lokaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a tsakanin matasan muridai, a Damagaram da sauran garuruwa. Mutum zai karɓi wuridi a hannun muƙaddami zuciyarsa cike da shauƙi, ya riƙe shi mako uku ko wata biyu. Sai jarrabawa ta ƙarato, ko kasuwa ta buɗe, ya ce gobe zai rama. Gobe ta zama jibi, carbi ya koma ado a wuya, daga baya kuma ya riƙa mamakin abin da ya hana shi ganin buɗi. Mai irin wannan hali yana da magani a rayuwar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda. Tarihi ya nuna masarautar Damagaram ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, da Barno take tafiya. Amma littattafan Shehu ba su san iyakar sarakuna ba, sun shiga zaurukan malaman ƙasar Hausa gabas da yamma, kuma shi jigo ne a ɗariƙar Sidi Abdulƙadir Jilani. Labarin yaƙe-yaƙensa kowa ya ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yake tafiyar da yininsa.

An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir a shekarar 1754, wato 1168 bayan Hijira, ya tashi a Ɗagel. Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo. Daga cikin malamansa na farko akwai Malam Usmanu Binduri, wanda ya lazimta kusan shekara biyu. Ba karatun littafi kaɗai ya ɗauka a wurinsa ba, ya kwaikwayi halinsa na tsentseni da horo da alheri, har suka zama nasa. Daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya yi haramar tafiya hajji, sai Shehu ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Saurayin da zuciyarsa ta rataya da Madina, har ya tsara wa Annabi ƙasida yana ɗan shekara ashirin, shi ne ya iya danne begensa saboda biyayya.

A wajen 1774 ya fara wa'azi. Ya zagaya Kabi, ya yi kimanin shekara biyar a Zamfara, yana karantar da maza da mata cikin harshen da suke ji, Fulatanci ko Hausa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya tashi a gabansa, ya siffanta mana tsarin zamansa a littafin Infaƙul Maisuri. Bayan sallar La'asar yakan fito ya karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi. Bayan Lisha yakan sake fitowa. Kowane daren Juma'a kuma akwai wa'azi na kowa da kowa. Lokuta ne sanannu, manomi da makiyayi da almajiri duk sun san sa'ar da za su same shi.

Akwai wata ƴar ɗabi'a tasa da ta cancanci a tsaya a kanta. Bello ya lura cewa duk sa'ad da Shehu zai fita wurin jama'a, sai ya dakata kaɗan a wani lungu na gida, yana motsa baki, sannan ya fita. Da ya tambaye shi dalili, sai ya bayyana masa cewa niyya yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi cikin abin da zai faɗa, yana kuma roƙon Allah Ya fahimtar da masu sauraro. Tsayuwar ba ta ɗaukar wani dogon lokaci. To amma a lissafa ta, fita bayan fita, shekara talatin kafin a yi hijira. Mai wa'azin da jama'a ke tururuwa gare shi ba abin da ya fi yi masa barazana kamar son a gani da son a yaba, kuma riya ba ta sallama idan za ta shigo. Shehu bai jira ta taru ba, kullum yake share ta tun daga ƙofar gida. Shi ya sa idan ya isa majalisi yakan yi sallama da fara'a, ya yi haƙuri da mai tambayar da ba ta da kan gado, ba ya nuna gajiya.

Haka yake wajen salatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bello ya ruwaito cewa jazbar da ta same shi ta zo ne da albarkar salatin da ya dawwama a kansa ba kasala ba ƙosawa. A nan ne matashin muridi ya kamata ya dubi lambobi da kyau. Shehu ya fara kira yana ɗan shekara ashirin. Sai da ya kai talatin da shida aka yaye masa hijabi aka ba shi wuridinsa, kamar yadda ya rubuta da kansa. Sai da ya kai arba'in da wata biyar da ƴan kwanaki, a 1794, ya samu babbar ganawar nan da Manzon Allah da Sidi Abdulƙadir, aka rataya masa takobin gaskiya. Shekara goma sha shida ke nan kafin buɗin farko, ashirin kafin na biyu, yana kan aiki ɗaya. Wanda ya yi wata biyu ya fara ƙorafi, ya auna kansa da wannan.

Sauƙin rayuwarsa shi ya tsare masa lokutan nan. An ruwaito cewa tufafinsa ba su wuce riga da wando da rawani ba, kuma yana tufkar igiya domin ya ci daga guminsa. Mai ƙarancin buƙata ba ya ɓata yini a ƙofar masu mulki. An ga amfanin haka a Magami, a wata Babbar Salla wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi. Maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Da ya saba da karɓa tun farko, da bakinsa ya yi nauyi a ranar.

Alƙalami ma bai taɓa bushewa a hannunsa ba. Ya kammala Ihya'us Sunna a 1793. A watan Fabrairu na 1804 ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, da littattafansa a bayan raƙuma. Aka yi nasara a Tafkin Kwatto, aka sha wuya a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu suka yi shahada. Jama'a na fama da yunwa da ƙaura, amma a cikin wannan hali ne ya rubuta Bayanu Wujubil Hijra a 1806. Ɗalibin da ke jiran hankali ya kwanta kafin ya buɗe littafi zai daɗe yana jira. Littattafan Shehu sun haura ɗari, ban da waƙoƙinsa, kuma a gidan nan ne Bello da Nana Asma'u suka ga ana rubutu kullum har su ma suka zama marubuta.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A nan ne mutane da yawa kan canza, idan duniya ta buɗe musu. Shi kuwa Shehu ya zauna a Sifawa ya koma kan buzunsa. Ya damƙa tafiyar da mulki a hannun ƙaninsa Malam Abdullahi da ɗansa Bello, ya ci gaba da karantarwa da rubutu da zikiri, kamar dai yana Ɗagel. A 1815 ya koma Sakkwato, rashin lafiya ta kama shi, ya yi wafati ranar 20 ga Afrilu 1817, daidai da 3 ga Jimada Sani 1232. An binne shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare, inda masu ziyara ke zuwa har yau daga Najeriya da Nijar.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya amfanar da mu da albarkarsa da ta Sidi Abdulƙadir, Ya tabbatar da mu a kan wuridinmu safe da yamma. Amin.